Shagon Mushe na bayan Kasuwar Dole, inda ake tambayar wa ya zana

Idan yaro ya shiga shagon nan ya ce a ba shi Spider-Man, ba a miƙo masa littafi nan take. Mai shagon zai leƙo shi ta saman tabarau ya ce, "Na wa? Na Ditko ko na Romita?" In yaro ya yi shiru, to ya jawo wa kansa darasi. Za a zaunar da shi kan benci, a buɗe masa littattafai biyu a jere, a ce ya dubi yatsun hannu a nan, ya dubi na can, ya faɗi bambancinsu. Abin da ya sa nake son wurin ke nan, kuma shi ne ke korar wasu.

Shagon yana cikin wani lungu a Damagaram, ba nisa da Kasuwar Dole. Ɗaki ɗaya ne na ƙasa da aka shafe da siminti, ƙofar kwano, rumfar zana a gaba da benci biyu. Babu allo. Ni sana'ata ita ce rubuta alluna da zane a bayan adaidaita da manyan motoci, na yi masa tayin in rubuta masa ɗaya ba ko tamma, ya ce a'a, mai rabo zai gane hanya. Tsohon malamin lakwal ne da ya ajiye alli, don haka yara da manya duk Mushe suke ce masa, har waɗanda bai taɓa koyarwa ba. Yana sayar da tsofaffin littattafan makaranta da ƙamus, kuma da su yake samun na cefane. Amma abin da ke tara jama'a shi ne bangon hagu, kanta uku cike da littattafan zane na Faransanci: Strange, Spécial Strange, Nova, Titans, da ɗan abin da ya rage na Zembla da Blek waɗanda iyayenmu suka yi ƙuruciya da su. Wasu tun yana ɗalibi ya tara su, wasu ƴan gwanjo ke kawo masa daga Yamai da Kwatano.

Karatu a kan benci sefa 50 ne kowane littafi. In za ka tafi da shi gida, sefa 100 na kwana uku, ka bar katin ɗalibi ko jika ɗaya jingina. Na sayarwa suna farawa daga sefa 500, masu bango mai tauri su kai jika 5 ko 6. Akwai kuma waɗanda ko nawa ka taya ba zai sallama ba.

Jerin kayan ne ya bambanta shi da duk mai shimfiɗa littattafai a bakin hanya. Bai ware Hulk gefe, Batman gefe ba. Ya tara su ne bisa sunan mutanen da suka yi aikin, kuma a kan kowane tari akwai guntun kwali da ya rubuta da biro shuɗi, da irin rubutun nan na malaman da, mai kwanciya gefe guda: sunan mutum, shekarar haihuwa, shekarar rasuwa, da layi biyu ko uku kan abin da ya same shi. Mai neman X-Men sai ya leƙa wuri uku kafin ya haɗa labarinsa, wannan kuwa wahala ce. Amma wanda ya jure wata guda yana zuwa zai fara gane hannu tun kafin ya karanta suna, kuma ni a wurina wannan ya fi kuɗin hayar daraja.

Kwalin farko na Jerry Siegel da Joe Shuster ne, samari biyu ƴan birnin Cleveland a Amurka, dukansu haihuwar 1914. Siegel ke rubutu, Shuster ke zane. Sun yi shekaru suna yawo da Superman ba mai saye, har ya fito a Action Comics na 1 a 1938. Shafi 13 suka bayar, aka biya su dala 130, ta Amurka fa, ba tamu ta kasuwa ba, kuma da wannan kuɗin kamfani ya mallake jarumin dungurungum. Da suka ga irin dukiyar da ake tarawa suka kai ƙara a 1947. Aka yi sulhu, aka ba su wani abu, kamfani ya riƙe Superman, su kuwa aka sallame su, aka goge sunayensu daga littafin. Shuster ya koma aikin kai saƙo, idonsa na ta mutuwa. Siegel ya ƙare a ƙaramin akawu. Sai a 1975, lokacin da ake shirin babban fim ɗin da ya fito a 1978, wasu masu zane biyu, Neal Adams da Jerry Robinson, suka tada ƙura a jaridu da talabijin har kamfanin ya ji kunya. Ya yanka wa Siegel da Shuster kowannensu dala 20,000 a shekara, ya mayar da sunayensu. A ƙasan kwalin Mushe ya ƙara layi ɗaya da jan biro, cewa a 2024 an sayar da kwafi guda na wancan littafin na 1938 a kan dala miliyan 6. Bai rubuta komai bayan wannan ba, kuma ya kyauta da bai rubuta ba.

Na Batman ya fi ba ni haushi, don a nan ba kamfani ne ya danne mutum ba, abokin aikinsa ne. Tun 1939 sunan Bob Kane kaɗai aka riƙa bugawa. Alhali zanen farko da Kane ya yi mutum ne mai jajayen kaya da fukafukai masu tauri. Bill Finger ne ya ce a rufe masa kai da hula mai kunnuwa, a sa masa mayafi, a duhunta kayan. Shi ya raɗa sunan Bruce Wayne, shi ya sa wa birnin suna Gotham, shi ya rubuta labaran farko. Kane ya je shi kaɗai ya ƙulla yarjejeniya da kamfani da sunansa. Finger ya rasu a 1974 cikin talauci. Kane bai amsa a rubuce cewa abokinsa ya cancanci a ambace shi ba sai a 1989, bayan mutumin ya shekara 15 a kabari, kuma kamfanin DC bai fara sa sunan Finger ba sai 2015. Littattafan Batman da ke shagon yawancinsu tsofaffin bugun Sagédition ne, duk da sunan Kane kaɗai. Mushe ya bi su ɗaya-ɗaya da fensir ya ƙara sunan Finger a shafin farko. Mai tara littattafai don tsada zai ce ya ɓata kaya. Ni na ce ya gyara.

Kanta ta tsakiya kusan rabinta ta Jack Kirby ce, kuma a nan nake daɗewa. Asalin sunansa Jacob Kurtzberg, an haife shi a 1917 a unguwar talakawa ta Lower East Side a New York, ɗan baƙin Yahudawa da suka zo daga Ostiriya. Shi da Joe Simon suka yi Captain America, wanda bangonsa na farko ya nuna jarumin yana kai wa Hitler naushi, kuma ya shiga kasuwa a Disamba 1940, shekara guda kafin Amurka ta shiga yaƙi. Daga baya Kirby ya je yaƙin da kansa a Turai, sanyi ya kusa cinye masa ƙafafu. Ya dawo ya ci gaba da zane, har a 1961 shi da Stan Lee suka fito da Fantastic Four a kamfanin Marvel. Abin da ya biyo baya cikin shekaru kaɗan yana da wuyar gaskatawa: Hulk da Thor a 1962, X-Men da Avengers a 1963, Silver Surfer da Galactus da Black Panther a 1966. Fantastic Four kaɗai ya zana fitowa 102 a jere.

Ga wanda ke riƙe da burushi kullum, Kirby makaranta ne. Yatsunsa murabba'i ne, gwiwoyinsa ba irin na mutane ba ne, in ka auna da ma'aunin jikin ɗan Adam ya faɗi jarrabawa. Amma dubi yadda yake turo hannu zuwa fuskar mai karatu, dunƙulen ya fi kan mutumin girma, ƙafar baya ta ƙanƙance can nesa. Naushin ba ya tsayawa cikin takarda. Dubi kuma baƙaƙen ɗigon nan da yake barbaɗawa, manya da ƙanana, in yana son nuna wuta ko ƙarfi ko sararin sama. Ba launi ba ne, tawada ce baƙa kawai da farin da ya bari a tsakani, amma ido yana ganin abin na tafasa. Na ɗauki wannan dabarar na sa a bayan wata motar ɗaukar kaya mai zuwa Agadas, kewaye da zaki, mai motar ya ƙara mini jika biyu a kan abin da muka yi ciniki. Duk yaron da ke koyon zane a garin nan, sefa 50 da zai kashe a kan Kirby ta fi masa awa guda yana kwafar hoto daga salula.

Yadda aka yi da shi kuwa, sai haƙuri. Ana biyansa ne shafi-shafi, ba shi da kaso a komai. Ya bar Marvel a 1970 ya koma DC, inda ya ƙirƙiro Darkseid da New Gods. Da ya nemi a mayar masa da takardun zanensa na asali, Marvel ta ce sai ya sa hannu a wata doguwar takarda da ba a buƙaci irinta daga sauran masu zane ba. Bayan doguwar jayayya, a 1987 aka dawo masa da shafi kusan 2,000 daga cikin fiye da 10,000 da ya zana musu. Ya rasu a 1994. A 2009 Disney ta sayi Marvel a kan kusan dala biliyan 4, ƴaƴan Kirby suka shiga shari'a da Marvel, sai a Satumba 2014 aka yi sulhu, ana gab da jin ko Kotun Ƙolin Amurka za ta karɓi ƙarar.

To nan ne ni da Mushe muka raba hanya. Stan Lee ba shi da tari a shagon. Kwalinsa yana can ƙasa kusa da tsintsiya, kuma in ka ambaci sunansa amsar ɗaya ce kullum: "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." Hujjarsa ba ta banza ba ce. Yadda ake aiki a Marvel a lokacin, Lee yakan faɗa wa mai zane gundarin labari a taƙaice, wani lokaci da baki kawai, mai zane ya je ya tsara shafi 20, ya yanke abin da zai faru da yadda zai faru, har ya rubuta bayani da fensir a gefen takarda. Sai an gama Lee ya sa maganganu. Amma a bugu sai a rubuta Lee ne marubuci, wancan mai zane ne kawai. Lee da bakinsa ya ba da labarin cewa Silver Surfer ba ya cikin abin da suka tattauna, a takardun Kirby ya fara ganinsa. Wannan duk gaskiya ne.

Na ce masa, "Mushe, amma ku dubi New Gods da kuke ajiye da shi. Zane ya kai zane, wa ke iya karanta maganganun har ƙarshe ba tare da ya gaji ba?" Ya ce, "Ɗana, fassara ce ta ɓata." Ban yarda ba. Kirby shi kaɗai yana gina duniya, amma mutanensa suna magana kamar masu shela, kuma DC ta tsayar da jerin bayan fitowa 11. Lee ne ya sa jarumi ya damu da kuɗin haya, ya yi faɗa da ɗan'uwansa, ya yi ba'a a tsakiyar dambe. Shi ne kuma ya mayar da al'ada a Marvel a rubuta sunan mai zane, da mai bi da tawada, har da mai rubuta haruffa, a shafin farko, kuma shi ya laƙaba wa Kirby sunan Sarki. Ba don wannan ba, da Mushe bai sami sunayen da zai rubuta a kwalayensa ba. Sannan Lee ma ba shi ya mallaki jaruman ba. Ma'aikaci ne da ya shiga kamfanin a 1939 ta hanyar dangi, ya zama edita bai kai shekara 20 ba, kuma shi ma sai da ya kai Marvel ƙara a 2002 kafin a 2005 a ba shi dala miliyan 10. Laifinsa a wurina shi ne ya daɗe yana karɓar yabon da ya san na mutum biyu ne, bai cika gyara wa ƴan jarida ba. Laifi ne babba. Kuma bayan Kirby da Ditko sun tafi, Lee bai sake fito da wani abu mai nauyin na da ba har ya rasu a 2018 yana da shekara 95. Kowa ya rasa wani abu da rabuwar. Yaran da ke zama a bencin nan rabin labari suke ji, kuma tsohon malami bai kamata ya koyar da rabi ba.

In za ka sayi abu ɗaya tak a shagon, ka tambayi sabon bugun Panini mai bango mai tauri na Spider-Man na shekarar 1966. A cikinsa akwai fitowa ta 33, aikin Steve Ditko. Tarin ƙarafa ya danne jarumin a wani ɗaki na ƙarƙashin ruwa, rufin yana yoyo, maganin da zai ceci gwaggonsa yana nan gabansa hannu bai kai ba. Ditko ya fara da ƙananan gidajen zane, matsattsu, mutum a ƙudundune. Shafi bayan shafi gidajen suna ƙara girma yayin da yake yunƙurawa, ruwan yana ƙaruwa, har lokacin da ya ɗaga ƙarfen hoton ya cinye shafi guda cif. Ko ba ka iya Faransanci ba za ka ji nauyin a kafaɗarka. Ditko ne ya zana Spider-Man tun fitowarsa a 1962, shi ya kawo Doctor Strange a 1963, kuma a 1966, bayan fitowa ta 38, ya ajiye aiki ya tafi, lokacin shi da Lee sun daɗe ba sa magana. John Romita ya karɓa, ya gyara wa kowa fuska, ya mayar da Peter Parker, wato Spider-Man ɗin, kyakkyawan saurayi, ciniki ya ƙaru. Ditko kuwa ya ƙi hira da ƴan jarida shekaru da yawa, ya ci gaba da zane a ɗan ofishinsa na New York har ya rasu a 2018, watanni kaɗan kafin Lee. Mutanen Ditko ramammu ne, masu zare ido, yatsu a karkace kamar masu ciwon sanyi. Romita ya fi shi iya kyau. Ditko ya fi shi iya damuwa, kuma Spider-Man labarin damuwa ne.

Akwai abin da mai saye ya kamata ya sani game da tsofaffin Strange, kuma Mushe ba ya faɗa sai an tambaya. Abin da ke ciki ba daidai yake da abin da mai zanen ya zana ba. Kamfanin Lug na birnin Liyon ne ya fara kawo jaruman Marvel cikin Faransanci da mujallar Fantask a 1969, amma hukumar da ke sa ido kan littattafan yara bisa dokar Faransa ta 1949 ta matsa, mujallar ta tsaya bayan fitowa 7. Da suka fito da Strange a Janairu 1970 sai suka riƙa tace kansu da kansu: a goge makami, a sassauta fuskar dodo, a cire manyan haruffan ƙarar duka, wani lokaci a yanke gidan zane ɗungurum. In ka kai ido kusa za ka ga inda aka bi da farin fenti, hannu a dunƙule yana riƙe da iska. Sunaye ma an canza, Wolverine ya zama Serval, Storm ta zama Tornade, shi ya sa yaran da suka zo daga kallon fim ke rikicewa. Wanda ke son tarihi da ƙanshin tsohuwar takarda ya sayi Lug. Wanda ke son koyon zane ya ƙara kuɗi ya sayi sabon bugu.

Ranar Asabar da la'asar ne wurin ke cika. Wani ɗan lise dogo yakan zauna a tsakiyar benci da littafi a cinya, ƙanana sun kewaye shi har wasu na leƙe ta kafaɗa, yana juya musu maganar zuwa Hausa. In ya zo kan mutumin dutse na Fantastic Four sai ya kumbura murya ya ce, "Kai, yau sai na farfasa maka haƙarƙari!" Yara su kwashe da dariya, wani ya ce a sake. Mushe yana daga ciki da ɗan butar shayinsa, ba ya tanka komai sai an juya shafi da yatsa mai yawu, sai ka ji, "Wane ne wannan? A goge hannu!" Kuɗin mutum ɗaya yake karɓa a wannan karatun, ko da su goma ne. Wannan ban taɓa jin ya faɗa ba, gani na yi.

Yawancin ƙananan nan Black Panther ne ya kawo su, tun fim ɗin 2018. Abin da shagon ke da shi a nan kaɗan ne, kuma nan ne na fi ganin gibi. Kwalin ya faɗi gaskiya cewa Lee da Kirby ne suka fito da shi a Yuli 1966, watanni kafin a kafa jam'iyyar baƙaƙen fata mai irin sunan a Oktoba. Amma Wakandar da yara suka gani a fim, wato ƙasar jarumin, aikin wasu ne da suka zo daga baya. Don McGregor ne ya kawo Killmonger, abokin gabar jarumin, a 1973, kuma Billy Graham, baƙar fata, ya zana yawancin wannan dogon labarin. Matan nan masu gadin sarki kuwa Christopher Priest ne ya ƙirƙiro su a 1998. Ko ɗaya daga cikin waɗannan babu a kanta. Dwayne McDuffie, wanda ya kafa kamfanin Milestone a 1993 tare da abokansa don baƙaƙe su riƙa rubuta jarumansu da kansu, kwali kawai gare shi, ba littafi a ƙarƙashi. Daga Afirka kuwa babu komai, alhali a Legas kamfanin Comic Republic na sa nasu a intanet kyauta, kuma tun 1975 an buga wani jarumi mai suna Powerman don kasuwar Najeriya, wanda Dave Gibbons da Brian Bolland suka zana kafin su yi suna. Kano tana nan kusa, motoci na zuwa kullum. Mutumin da ke iya samo Nova daga Kwatano zai iya sa a bincika masa.

Na baya-bayan nan ba su dame shi ba. Tarin Chris Claremont, wanda ya rubuta X-Men daga 1975 zuwa 1991, yana da kauri don Spécial Strange ta buga shi da yawa, kuma shi ne ya fi fita haya. Masu zane bakwai da suka fice daga Marvel a 1992 suka kafa Image, irin su Todd McFarlane da Jim Lee, yana yaba musu a kan abu ɗaya: sun kafa kamfanin da mai aiki ke mallakar abin da ya ƙirƙira, kuma sun yi hakan ne suna kan ganiya, don X-Men na 1 da Jim Lee ya zana a 1991 ya sayar da kwafi kusan miliyan 8. Zanensu kuwa ya ce tsoka ce da bindiga. A kan Rob Liefeld, ɗaya daga cikinsu, na yarda da shi, mutumin ƙafa ta gagare shi. Watchmen na Alan Moore da Gibbons yana cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, ba ya ba yaro, kuma daidai ne. Yarjejeniyarsu ta ce haƙƙin zai dawo hannunsu in an daina buga littafin, DC kuwa ba ta taɓa dainawa ba tun 1987, Moore kuma ya ƙi a sa sunansa a fim ɗin.

Sauran ƙorafina na wurin ne da kansa. Gara ta ci ƙasan kanta ta uku, kuma har yanzu littattafai na jingine da bangon. Lokacin hunturu ƙura na shiga tsakanin shafuka, lokacin bazara ɗakin ba ya zaunuwa bayan hantsi, babu fanka. Jerin Strange yana da giɓi da yawa, za ka bi labari har ya ɗauko daɗi sai ka tarar fitowa ta gaba babu ita, kuma ba a gaya maka tun farko. Farashin sayarwa ba a rubuce yake ba, yana hawa da sauka bisa fuska. Na ga an ce wa ɗalibi sefa 750 a kan Titans, wani ya sauka daga mota aka ce masa jika 2 a kan irinsa. Benci kuma na maza ne zalla. Ƴar yayata tana son Tornade, amma sai dai in ɗauko mata in kai gida, don ba za ta kutsa cikin samari ba. Da zai ware ko da safiyar Lahadi ga ƴan mata, da ya ga ciniki.

In za ka je, ka je bayan la'asar. Ranar Alhamis kada ka wahalar da kanka, yana cikin kasuwa wajen ƴan gwanjo, ranar Juma'a kuma ba ya buɗewa sai an sauko daga masallaci. Kafin ka biya kuɗin saye ka ƙirga shafukan tsakiya, don nan ne ƙusar ke sakin takarda, ka ɗaga littafin sama ka duba hudar gara. Ka zo da canji, ba ya da shi. In kana sauri ka faɗa masa tun daga ƙofa, kuma kada ka ambaci Stan Lee.